Kaboyi a Gindin Dala

Yau zancen fim za mu yi, amma ba na Indiya ba, ba kuma namu na gida ba. Zancen fim ɗin kaboyi ne, wanda iyayenmu da yayyenmu suka yi ta tara kwabbai domin kallonsa tun kafin waƙoƙin Indiya su cika gari.

Ka zaga majalisun dattawa a Madigawa, ko Yalwa, ko Bakin Ruwa, ko Gwammaja, ka ambaci sunan Jango, ka ga yadda fuskoki za su washe. Wani zai gyara zama ya kwatanta maka mutumin da ya shigo gari a ƙafa, cikin taɓo, yana jan akwatin gawa da igiya, ba wanda ya san abin da ke ciki sai da ya buɗe aka ga ƙatuwar bindiga. Fim ɗin 1966 ne, Italiyawa suka yi shi, amma a unguwannin nan an yi samari da yawa da abokai suka laƙaba wa wannan suna, wasu har suka tsufa da shi. Abin tambaya shi ne, me ya haɗa yaron da aka haifa a gindin Dala, wanda ya yi karatun allo a zaure, da Bature mai malafa a dajin Amurka?

Kafin amsa, sai mun tuna cewa silima ba da lalama ta shigo birnin nan ba. A 1937 Kwarori suka buɗe Rex a wajen ganuwa, ta ɓangaren Sabon Gari. Mutanen cikin gari suka ɗauke ta wurin baƙi da 'yan iska, malamai kuma suka yi ta jan kunne a kanta. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya ana cikin kallo, mutum 331 suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙan musulmin da ke cikinsu. Mutane da yawa suka ce ga abin da ake gudu nan. Duk da wannan tashin hankali, ba a jima ba aka gina Palace a cikin ganuwa, a Jakara, dab da kasuwar Kurmi. An yi rigima sosai a kan ginin, amma ta tsaya, ta yi wajen shekara talatin tana aiki, har zuwa 1983 lokacin da Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe ta ya mayar da wurin asibiti, jama'a suka yi ta sa masa albarka. Daga gindin Dala zuwa Jakara kuwa tafiyar ƙafa ce. Yaro zai yi sallar isha, ya ce ya tafi hira, ya bi lungu ya ɓulle.

Ban zo in wanke gidajen silima ba. Abin da iyaye suka ƙi a cikinsu gaskiya ne: akwai shaye-shaye, akwai 'yan daba a bakin ƙofa, akwai yankan aljihu wajen turereniyar sayen tikiti. Amma wanda ya shiga ya zauna ya ga wani abu da ya kamata a faɗa. Wurin ba rufi, sama ce a kanka da taurarinta. Ga dogon bango fari a gaba, ga bencina na masu ƙaramin kuɗi kusa da shi, inda sai ka ɗaga wuya. Hasken na'ura yana ratsowa ta saman kawuna, kana ganin ƙura da ƙwari suna yawo a cikinsa. Idan fim ya tsinke, wurin ya kaure da ihu da fito har sai an haɗa. Kuma a cikin wannan taro duka, ƙalilan ne ke jin Turanci, ballantana Turancin Amurkawa da ake yi ta hanci. Amma ba wanda ya taɓa fita bai gane labarin ba. An san akta, an san bos, an san akta ba ya mutuwa, idan ma ya mutu to sai ya gama aikinsa.

Idan muka koma kan tambayarmu, dalili na farko doki ne, kuma a nan ba wanda zai koya wa Bakano komai. Garin da ake Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, garin da samari ke fita kilisa da yamma, garin da ke da layin masu kayan doki a Kurmi, da dukawa masu ɗinka sirdi, da maƙera masu ƙera linzami da likkafa da ƙaimi. Irin waɗannan 'yan kallo ba a yaudararsu da hawa. Suna duban yadda mutum ya zauna a kan sirdi, da yadda ya riƙe linzami da hannu ɗaya, da yadda ya ja doki ya yi turjiya ƙura ta tashi. Idan ya dira a kan doki yana cikin sukuwa, sai ka ji wurin ya ɗauki sowa irin wadda ake yi wa gwanin mahayi a ƙofar fada. Washegari kuma yara su cika fili a gindin dutse, kowa da dokin karansa, an yanka kwali an yi malafa, ana harbi da yatsa daga bayan duwatsu, ana gardamar wa ya mutu wa bai mutu ba.

Dalili na biyu shi ne ƙasar da kanta. Fili fetal, ƙaya da ƙura, rana tana dukan ƙeya, rijiya ɗaya tak da kowa ke dogara da ita, garken shanu yana tafe. Wanda ya taɓa bin hanyar Ɗambatta zuwa Daura da rani ya san wannan ƙasa. Shi kansa kaboyi na gaskiya ba wani ba ne illa makiyayi ɗan ƙwadago. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Texas, kasuwarsu kuma tana arewa. Sai aka riƙa ɗaukar samari suna kora garke na dubbai, tafiyar wata biyu ko uku, zuwa tashoshin jirgin ƙasa a Kansas, irin su Abilene da aka fara lodi a 1867. Abin bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, layin dogo ya ƙaraso, manoma suka kewaye gonaki da waya mai ƙaya, burtali ya toshe. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan makiyaya baƙaƙen fata ne, wasu da yawa kuma 'yan Meziko, ko da yake fim ya ɓoye mana wannan. Mu da fataken shanunmu suka yi ta kora dabbobi a ƙafa zuwa kudu, daga baya kuma suka riƙa loda su a jirgi bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Amma doki da ƙura ba za su riƙe zuciyar mutum shekara sittin ba. Akwai abin da ya fi su, kuma fim ɗaya ya ishe mu misali: The Magnificent Seven, na 1960, wanda John Sturges ya shirya.

Wani ƙauyen manoma ne a Meziko. Duk shekara idan an yi girbi, sai wani ɗan fashi mai suna Calvera ya sauko daga duwatsu da mahayansa, su kwashe hatsi, su bar wa mutane abin da ba zai kashe su ba domin su sake nomawa baɗi. Ba ya ma zuwa da fushi. Yana zama ya sha abin sha, yana yi wa mai gida hira kamar tsohon aboki, yana kukan cewa zamani ya lalace. Wani manomi ya kasa daurewa ya taso masa, sai Calvera ya harbe shi a gaban matarsa ya hau doki ya tafi. Hukuma tana nesa, ko ta zo kwana nawa za ta yi? Mutanen gari suka je wurin wani tsoho neman shawara, ya ce su yi faɗa. Suka tattara ɗan abin da suka mallaka, mutum uku suka nufi kan iyaka sayen bindigogi. A can suka gamu da Chris, wanda Yul Brynner ya fito a matsayinsa, mai aski ƙwal da baƙaƙen kaya. Ya nuna musu cewa a lokacin ɗaukar masu bindiga ya fi sayen bindiga araha. Ladan kowane mutum dala 20 ne, na aikin mako shida. Haka aka tara mutum bakwai, kowa da abin da ya koro shi: wani talauci, wani kwaɗayin zinariyar da yake zaton an ɓoye, wani tsoro ne ya kama shi yana neman inda zai ɓuya, wani kuma yaro ne ɗan manoma da ke ƙyamar fartanya yana son a kira shi jarumi.

Ina roƙon mai sauraro ya lura da yadda fim ɗin ya ɗauki manoman nan. Bai mayar da su waliyyai ba. Da baƙin suka iso, kowa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Sun ɓoye 'yan matansu a daji, domin ba su yarda da masu ceton nasu ba, kuma suna da hujja. Bayan an yi karon farko an kori 'yan fashi, sai gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a ci gaba, wasu suka ce gara a sasanta, domin Calvera hatsi kawai yake ɗiba, yaƙi kuwa 'ya'ya yake ci. Daga ƙarshe wani daga cikinsu ya buɗe wa ɓarayin ƙofa da dare. Su ma 'yan fashin, da aka leƙa sansaninsu, sai aka tarar yunwa ce ke cinsu, ba su da inda za su idan ba ƙauyen ba.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ba wurin harbi ba ne. Akwai yara uku da suka liƙe wa ɗaya daga cikin bakwai ɗin, Bernardo, wato Charles Bronson. Suna binsa duk inda ya sa ƙafa, har suna yi masa alkawarin za su riƙa kai furanni kabarinsa. Rannan suka ce masa su kunyar iyayensu suke ji, domin matsorata ne. Sai ya fizgo ɗaya ya ɗora a cinya ya tsula masa duka. Ya gaya musu cewa riƙe bindiga ba shi ne jarumta ba. Mutumin da ya ɗauki nauyin mata da 'ya'ya, yake fita gona kullum ba tare da tabbacin abin da za ta ba shi ba, ba don an tilasta masa ba sai don ƙauna, ya fi shi ƙarfin zuciya, kuma shi bai taɓa samun irin wannan ƙarfin ba. A faɗan ƙarshe Bernardo ya mutu wajen kare yaran nan, yana nuna musu iyayensu da suka fito da adduna da sanduna. Huɗu daga cikin bakwai suka kwanta dama. Yaron da ke gudun fartanya ya kwance ɗamarar bindiga ya zauna a ƙauyen. Biyu suka hau dawakai suka wuce ta gefen kaburburan abokansu, suna masu yarda cewa manoma ne suka ci nasara, su masu bindiga ba su taɓa ci ba.

A ganina wannan shi ne sirrin fim ɗin kaboyi mai kyau. Labarin mutanen da hukuma ta yi wa nisa ne, da tambayar wa zai tsaya musu, da kuma abin da tsayawar ke ci. Shi ya sa labarin bai da ƙasa ɗaya. Amurkawa sun ɗauko shi ne daga fim ɗin Akira Kurosawa na Japan, Seven Samurai, na 1954. Indiyawa suka ɗebi irinsa suka yi Sholay a 1975, inda Gabbar Singh ke karɓar hatsin ƙauyen Ramgarh, kuma kowa ya san yadda Kano ta rungumi wannan fim. Mu ma muna da namu tun kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto. Ganuwar da ta kewaye Dala da Gwauron Dutse, da filayen noma a cikinta, ba don ado aka gina ta ba. A ƙarni na 19 ƙauyukan kudancin Kano sun sha hare-haren Ningawa, har sarakuna suka riƙa kafa garuruwan ribaɗi domin tsaro. Kakannin masu zama a bencin Palace sun san mene ne a hango ƙura daga nesa a kwashi yara a gudu.

Sai dai yawancin samari ba jawabin Bernardo suka fita da shi daga silima ba. Tafiyar Jango suka fita da ita, da karkata hula, da taba a gefen baki. Wanda ya gane haɗarin wannan tun da wuri maƙwabcinmu ne. A 1966 Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar ya yi wani gajeren fim, Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya dawo ƙauyensu daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Suka sa malafa da takalma, suka canja sunaye zuwa irin su Black Cooper, suka samo dawakai, suka addabi gari da sata da faɗa, suka daina ganin girman dattawa. Zalika Souley, wadda ta fito a cikinsa, ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka riƙi fim sana'a a wannan yanki, ta kuma sha tsangwama a kan haka. Alassane yana son finafinan kaboyi, shi ya sa ya iya yin nasa. Amma ya ga abin da ke faruwa idan yaro ya ɗauki kayan jarumi ya bar dalilin jarumtar.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. A yawancin tsofaffin finafinan nan, idan 'yan asalin ƙasar Amurka suka fito, waɗanda ake kira jajayen Indiyawa, ba su da suna, ba su da iyali, ba su da magana. Ihu kawai suke yi a kan dawakai suna kewaya keken Turawa ana ɗauke su ɗai-ɗai. Idan sojan gwamnati suka busa ƙaho suka ɓullo daga bayan tudu, sai silima ta ɗauki tafi. To amma ƙasar wa ake ƙwacewa? Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, dakarun Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ganuwar Kano da igwa, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Kafin watan ya ƙare, mahayan Kano suka yi karo da su a Kwatarkwashi, suka yi ta sukuwa suna afka wa layin bindigogi, Waziri Ahmadu ya yi shahada a wurin tare da jama'a da dama. Mahayan da ke faɗuwa daga kan dawakai a jikin bangon Palace, su ne suka fi kama da kakanninmu. Fim ya iya sa jikokin mutanen Kwatarkwashi su tafa wa mai igwa, kuma wannan ya isa ya nuna mana ƙarfin abin da muke magana a kai.

Yau gidajen silimar da muka sani yawancinsu sun rufe, wasu sun zama kantuna. Amma labarin Calvera ya sauko daga bango ya shiga ƙauyukanmu, a kan babur maimakon doki. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, manomi yana biyan haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. An kwashi ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, an kwashi 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Ita kanta Kwatarkwashi tana cikin wannan yanki. Gardamar da manoman fim suka yi, a sasanta ko a yi faɗa, ita ake yi yau a zaurukan masu gari da gidajen gwamnati. An kafa 'yan sa-kai, Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024. Allah ya saka wa duk wanda ya ba da ransa domin kare jama'a. Sai dai a fim, masu bindiga suna gama aiki su hau dawakai su bar gari. A zahiri bindiga idan ta shiga ƙauye ba ta fita da sauƙi, kuma kowa ya ji yadda kisan da wasu 'yan sa-kai suka yi wa mutane a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya ƙara rura wutar. Fim ɗin 1960 bai da maganin wannan. Abin da yake da shi shi ne ya san wanda ya kamata a girmama, wato mutumin da ke komawa gona da safe alhali ya san abin da ke cikin daji.

Saboda haka kirana ga 'yan'uwanmu masu shirya finafinai a Kano ne. Tun daga Turmin Danya a 1990 kuke wannan sana'a, kun ƙware a labarin soyayya da na zaman gidan aure, ba kuma laifi ba ne. Amma ga labari a ƙofar gidanku wanda Japan da Amurka da Indiya suka yi suna da irinsa. Kuna da dawakai da mahaya, kuna da duwatsu da fili, kuna da marubuta. Ku je sansanonin 'yan gudun hijira ku zauna da manoma ku ji daga bakinsu. Ku nuna mai garin da ya rasa yadda zai yi, da matar da ta sayar da akuyarta ta ƙarshe domin kuɗin fansa, da mai kai wa ɓarayi rahoto, da abin da ya kai shi. Kada ku ƙawata ɗan bindiga har yaranmu su yi sha'awar rawaninsa. Kuma don Allah kada ku yi wa Fulani abin da Amurkawa suka yi wa 'yan asalin ƙasarsu, ku mayar da al'umma guda ihu da bindiga. Makiyayin da aka sace wa garke, aka kashe masa ɗa a kasuwa, shi ma yana cikin waɗanda aka zalunta, ku ba shi suna da baki a cikin fim ɗin.

Ku kuma iyaye, fim ɗin The Magnificent Seven yana nan ana samunsa a intanet, bai fi awa biyu da 'yan mintuna ba. Ku fara dubawa da kanku, in kun gamsu ku zauna da samarinku ku kalla tare, ku tsayar da shi a wurin Bernardo da yaran nan uku, ku tambaye su abin da suka fahimta.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da manoma gonakinsu da makiyaya burtalinsu.